Wai "Mura Ce Kawai"!

Duk sa'ad da labari ya zo cewa mura mai tsanani ta ɓarke a wata ƙasa, sai ka ji waɗansu 'yan'uwanmu mazauna Ikko da Badun da Fatakwal suna ƙyalƙyala dariya a majalisa, wai Bature ne ke tsoron atishawa, mu da muka tashi cikin hunturun Arewa me mura za ta yi mana. Galibin masu wannan magana kuwa, ko dai sun riga sun biya kuɗin tikiti, ko kuma su ne dillalan da suka karɓi kuɗin. To, da su muke yau.

Da farko dai a daina gama abu biyu. Murar da ke sa majina ta kwana uku ta wuce dabam take da wadda likitoci ke kira infuluwenza, mai kayar da ƙato da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, wani jiƙon ta gangara huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ta biyun tana halaka mutum 290,000 zuwa 650,000 kowace shekara, tun ma ba a kai ga kiranta annoba ba.

Wanda ya ce ba ta iya mu ba, ya tambayi tarihin garin da yake ci-rani a cikinsa. A watan Satumba na 1918 jirgin ruwa ya sauke ta a Ikko. Daga nan ta bi hanyar jirgin ƙasa da ta kogi, kafin shekarar ta ƙare ta game Arewa, kakanninmu suka sa mata suna marisuwa. Masana tarihi sun ƙiyasta ta kashe wajen mutum 500,000 a Nijeriya, lokacin da jama'ar ƙasar duka ba su kai miliyan 20 ba. Matafiyi ne ya kawo ta, matafiyi ne ya kai ta gida. A wancan zamani tafiyar kwanaki ce a teku. Yau mutum kan yi kalaci a Jidda ya ci tuwon dare a Agege. Ita kuwa cutar takan yi kwana ɗaya zuwa huɗu a jiki kafin ta bayyana, har mutum yana iya sa wa wani tun bai san yana da ita ba. Saboda haka ma'aunin zafin da ake ɗora wa fasinja a filin jirgin sama ba shaidar lafiya ba ne.

Ba mu ce kowa ya naɗe fasfo ya zauna ba. Da fatauci aka san mu, shi ya kawo mu Kurmi. Abin da muke ƙi shi ne a auna kowa da mudu ɗaya. Saurayi lafiyayye da zai je Guwanzu ko Dubai sayo kaya, ya yi allurar rigakafi, ya san asibitin da zai nufa in jiki ya ƙi, wannan ya yi lissafinsa. Amma dattijo ɗan shekara saba'in mai ciwon sukari, ko mace mai juna biyu, ko mai asma, a cusa su cikin cunkoson Umra ana tsakiyar ɓarkewar cuta don kawai kada kuɗin kafin alƙalami ya salwanta, assha, wannan ba biyayya ga iyaye ba ce. Umra tana nan kowane wata. Dattijon ne ba shi da na biyu.

Masu gardama kan kawo hujja da 2009, shekarar da murar nan ta H1N1 ta tashi daga Meziko, aka ayyana ta annobar duniya a watan Yuni, amma aka yi aikin Hajji a Nuwamba, waɗanda suka rasu da ita 'yan kaɗan ne. Haka ne. Sai dai sun ɓoye rabin labarin: tun a watan Yuli ministocin lafiya na ƙasashen Larabawa suka taru a Alƙahira suka ce waɗanda suka haura shekara 65, da yara 'yan ƙasa da 12, da masu daɗaɗɗen ciwo su dakata a wannan shekara. Hukumomin da ke riƙe da Ƙasa Mai Tsarki sun ga abin tsoro a ciki, sai dillalin da ke lungun Idi-Araba ne bai gani ba?

In kuma aka ce tawakkali, ai ba mu fi Sayyadina Umar ba, wanda ya kama hanyar Sham, ya ji labarin annoba a can, ya shawarci Sahabbai, ya juya da jama'arsa zuwa Madina.

Daɗin daɗawa, akwai hasarar dukiya, wadda ita ce masu gardamar suka fi ji. A 2020, ko da yake korona ce ba infuluwenza ba, Nijeriya ta rufe filayen jiragenta ga jiragen waje ranar 23 ga Maris, ba ta buɗe ba sai 5 ga Satumba. Wanda ya fita da guzurin mako biyu, jarinsa ya ci a masauki. Kafin ka miƙa kuɗi, tambayi dillali a rubuce ko za a mayar maka in aka soke tafiya, ka kuma tambayi wa zai biya in aka kwantar da kai a asibitin waje.

Sa'an nan ga dawowa. Mun san yadda muke kwana a Sabo da Agege, mutum shida ɗaki guda. Matafiyi ya sauka da tari, unguwa ta cika gidan barka da zuwa, a gaisa hannu da hannu, a sha zamzam a moɗa ɗaya, jibi ya hau motar dare ya kai wa gyatumarsa tsaraba a Arewa. Muna kira ga Sarakunan Hausawa da limaman unguwanninmu su faɗa a bainar jama'a: mai niyyar tafiya ya yi allurar mura mako biyu kafin ya tashi, gama sai ta yi haka take kama jiki, wanda ya dawo da zazzaɓi ya nufi likita cikin kwana biyun farko, lokacin da maganinta ya fi ci, ya bar kafso na kyamis da ba ya taɓa ta, kuma a ɗaga masa gaisuwa da tafiya gida sai ya warke.