Ƙuri'a 342 ta ishe mu wa'azi

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi kira ga 'yan'uwana manoma da ƙananan 'yan kasuwa na Achida, Wurno, Rabah da Goronyo, musamman masu cewa wai ƙuri'ar talaka ba ta da wani tasiri.

Jama'a, mu tuna zaɓen gwamnan Sakkwato na 2019. An jefa ƙuri'a ran 9 ga Maris, hukumar zaɓe ta ce zaɓen bai kammala ba, aka sake a wasu rumfuna ran 23 ga wata. Aminu Waziri Tambuwal na PDP ya samu 512,002, Ahmad Aliyu na APC ya samu 511,660. Tazarar duka-duka 342 ce, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da ita a Janairun 2020. Don Allah mutum 342 su nawa ne? Ko kara ta dabbobi kaɗai a kasuwar Achida ta fi tara haka ranar cin kasuwa. Ashe ke nan unguwa guda, ko 'yan tireda da masu albasa na gari guda, sun isa su naɗa gwamna ko su hana shi.

To, abin da ke da wanga daraja shi muke bayarwa a kan taliya, sabulu da 'yar atamfa. Taliya kwana biyu ta ƙare, mulki ko shekara huɗu ne. Wanda ya saye ka ya biya ka, ba ka bin shi bashin taki ko hanya ko magani a asibiti.

Dattawanmu suna da uzuri. A Disambar 1991, lokacin da Malam Yahaya Abdulkarim na NRC ya ci, ƙato bayan ƙato aka yi, maigidanka yana kallon layin da ka shiga. Yanzu ko dangwale ne, kai da Mahaliccinka.

Kuma bukatunmu ba ɓoyayyu ba ne. Ambaliyar 2010 ta cinye gonaki a Goronyo da Wurno. 'Yan bindiga sun kashe jama'a a Tabanni ta Rabah a 2018, suka afka wa kasuwar Goronyo a Oktoban 2021. In ba tsaro, wa zai kai shinkafa da tafarnuwa kasuwa?

Shawarata ita ce, duk ɗan takarar da ya zo, mu zaunar da shi gaban dattawa ya faɗi abin da zai yi kan tsaro, noman rani da taki, a rubuta a ajiye. In ya dawo neman ta biyu, a karanta masa. Masu katin zaɓe kuma, maza da mata, kada a bar shi ƙarƙashin tabarma.

Allah Ya ba mu shugabanni masu tausayin talakawa, amin.

Naka,
Wani mai sayar da albasa,
Achida, Ƙaramar Hukumar Wurno.