Zuwa Da Kai Ya Fi Saƙo

A Nassarawa ta Kano akwai ma'aikata da attajirai masu gonakin waken soya can wajen Tudun Wada da Doguwa. Waɗansunsu su kan aika da kuɗin iri da taki a watan Yuni, sa'an nan ba su sake leƙawa sai kaka. Wannan kuwa kuskure ne.

Waken soya ba ya saurin girma da fari. In ba a nome shi mako 3 bayan shuka ba, a kuma yi maimai a mako na 6, harƙiya da aya-aya su kan danne shi. Da marka ta kama cikin Agusta gona ta kan yi kore shar. Mai hange daga mota sai ya yi murna, alhali kallon kitse ya ke yi wa rogo, gama tsutsa tana cin ganye, ƙwari suna tsotse ƙwaya cikin kwanso. Sai wanda ya bi kunya-kunya da sassafe, yana ɗaga ganye, shi zai gan su.

Ɗan ƙodago ya karɓi ladansa ya tafi, hasara kuwa ta mai gona ce. Saboda haka ya kamata ya taka da ƙafarsa kowane mako.