SHARHI: An biya kuɗin gida, ina makulli, ina takarda?

Duk wanda ya fita bayan gari a Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa zai ga sababbin gidaje jere, wasu an shafa masu fenti, wasu ko rufi ba a ɗora ba. Da yawa daga cikinsu suna da masu su tun tuni, domin an sayar da su tun suna kan takarda. Masu sayen kuwa ba ma'aikatan gwamnati ba ne kawai. Akwai ƴan tireda, akwai dillalan hatsi da na dabbobi, akwai mata masu sayar da atamfa, da masu tuwo-tuwo waɗanda suka shekara goma suna zubin adashe. An ce masu wata shida za su tare. Yau ga wasu sun shiga shekara ta biyu suna jira, suna cikin gidan haya, kuɗinsu kuma na hannun wani. Kusan duk lokacin da muka buɗe layin tarho a rediyo kan maganar muhalli, wannan kukan ne ke fara shigowa. Shi ya sa muka ga ya kamata mu tsaya a kansa yau.

Da farko mu yi lissafi irin na kasuwa, domin jira ba kyauta ba ne. A ɗauki misalin mace mai biyan hayar jika 40 a wata. Idan mai gini ya makara da wata 18, ta zuba jika 720 a aljihun mai gidan haya, kuɗin da ba su cikin cinikin da aka ƙulla. Wannan ita ce asarar da ake gani. Wadda ba a gani ta fi ta ciwo: miliyon biyar ko goma da aka cire daga jari, da suna cikin shago sun juya sau nawa kafin sallah biyu su wuce? Ma'aikaci albashinsa na zuwa ƙarshen wata ko gida ya ƙare ko bai ƙare ba. Ɗan kasuwa kuwa da jarinsa yake ci, ranar da jari ya kwanta shi ma ya kwanta.

Kuma ɗan kasuwa ne ya fi kowa shiga haɗari a wannan ciniki. Ƙasarmu na da kamfanin gine-gine na gwamnati, SONUCI, tun shekarun farko na samun ƴancin kai, kuma a 2018 aka buɗe bankin muhalli, BHN. Amma kowane banki, kafin ya ba da bashin gida, yakan nemi takardar albashi ko wata jingina. Mai sayar da albasa ko barkono ba ta da takardar albashi. Saboda haka sai ta ɗauki kuɗinta tsaba ta kai wa mai gini hannu da hannu, ba banki a tsakani, ba wanda zai duba takardun fili kafin kuɗin su fita. Sau da yawa abin da ke hannunta bai wuce ƴar takardar rasit da dillali ya rubuta ba, wani lokaci ma shaidar baki ce kawai.

Gaskiya ce, masu gini ma sun sha wuya. Takunkumin da ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar bayan juyin mulkin watan Yuli na 2023 ya toshe hanyar Kwatano, kaya suka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso, ƙarfe da kwanon rufi da fenti suka yi tsada. Ba a ɗage takunkumin ba sai a watan Fabrairu na 2024. Sannan damanar 2024 ta zo da ambaliyar da ta shafi mutane sama da miliyon ɗaya, har tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram ya rushe, kowa ya koma neman siminti da magina a lokaci guda. Duk mun san wannan. Amma mun kuma san cewa a watan Oktoba na 2024 hukumomi sun rage kuɗin siminti, inda aka tsayar da ton ɗaya na mai lamba 32,5 a kan jika 55 a Yamai. Mai ginin da ya nemi ƙari a hannun mai saye lokacin da siminti ya hau, ya mayar da ragi lokacin da ya sauka? Uzurin da ya yi aiki a 2023 ba zai zama rigar da za a yi ta sawa kowace shekara ba. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Abin da ya fi damun mu shi ne yadda wasu masu gini ke amfani da kuɗin mutane. A karɓi kafin alƙalami na gida goma, a je a sayi wani sabon fili da shi, sannan a jira masu saye na gaba su kawo nasu don a gama ginin na farko. Muddin sababbin masu saye na zuwa, abin na tafiya. Ranar da suka daina zuwa, gini ya tsaya cak, tarhon mai gini kuma ya daina shiga. Ƴan kasuwa sun san sunan wannan a harkarsu: cin bashin wani don a biya wani. Ba a taɓa jin ya ƙare da daɗi ba.

To, ko an miƙa makulli, ciniki bai ƙare ba. Makulli ɗaki kawai yake buɗewa, takarda ce ke cewa gidan na wane ne. A nan ya kamata kowa ya san bambancin takardun da ke yawo. Akwai takardar shaidar mallakar gargajiya, wadda ta shafi gona ko filin gado. Akwai wadda ake kira acte de cession da Faransanci, da ake bayarwa bayan an yanka filaye bisa izinin hukuma, mai ɗauke da lambar fili da ta rukuninsa. Sannan akwai titre foncier, wadda ita ce uwar takardu, ana yin ta a ma'aikatar da ke kula da filaye da kadastar ƙarƙashin hukumar haraji. Tun 2006 aka kawo hanya mai sauƙi ta samun ta, har aka raɗa mata sunan Hausa, Sheda. Gidaje da yawa na bakin gari an gina su ne a kan gonakin da aka saya daga magada. Idan magaji ɗaya bai sa hannu ba, ko an sayar da fili ɗaya ga mutum biyu, ko kuma mai gini ya riga ya jinginar da takardar filin a banki, to mai saye ya sayi shari'a ne tare da gida.

Muna da magana ta musamman ga iyayenmu mata da ƴan uwanmu na kasuwa. Da yawa sukan aiki miji, ko ƙane, ko ɗa ya je ya biya, saboda kunya ko rashin lokaci. Ba laifi a aiki mutum, amma a duba sunan wa aka rubuta. Idan guminki ne, sunanki ya kamata ya hau rasit, ya hau yarjejeniya, ya hau takardar fili, daidai da yadda yake a katinki na ɗan ƙasa. Ranar rabon gado ko ranar saɓani, alƙali sunan da ke kan takarda zai fara karantawa. Wadda ba ta iya karatun Faransanci ba ta je da wanda ta amince da shi ya karanta mata, ya fassara mata kalma bayan kalma kafin ta dangwala hannu. Neman rubutu ba rashin yarda ba ne. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a cikin Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka.

Wanda bai biya ba tukuna, kada ya yi cinikin biri a sama. Ya nemi ganin takardar filin ta asali da izinin gini, ya je ma'aikatar magajin gari da kadastar ya tabbatar. A rubuta yarjejeniya a gaban notar: kuɗin gida duka, ranar miƙa makulli, irin ƙofofi da rufi, wanda zai jawo ruwa da wuta, da abin da mai gini zai biya a kowane watan da ya makara. A raba biya bisa ci gaban aiki, kashi ɗaya idan an gama tushe, kashi ɗaya idan an yi rufi, a riƙe na ƙarshe sai ranar da makulli da takarda suka zo tare. Kuɗin notar na da nauyi, amma bai kai na lauya ba.

Wanda kuma ya riga ya biya yana jira, kada ya zauna gida yana ƙirga watanni. Ya riƙa zuwa wurin gini, ya ɗauki hoto, ya adana kowane rasit. Ya je musamman a watan Agusta bayan an yi ruwa mai ƙarfi, ya ga inda ruwa ke kwanciya da inda rufi ke yoyo. Mutanen Saga da Harobanda da suka ga ambaliyar 2020 a Yamai sun san darajar wannan ziyara. Ya nemi sauran masu saye su haɗa kai, domin mai gini na iya kashe wa mutum ɗaya tarho, amma da wuya ya kauce wa mutum talatin. Idan magana ta ƙi, a aika masa wisiye da takardar gargaɗi tun yana da abin da za a kama.

Daga ƙarshe muna kira ga hukumomi. A liƙa sunayen wuraren da aka yanka filaye bisa izini a ƙofar kowace ma'aikatar magajin gari, a karanta su a rediyo da harsunan ƙasa. A tilasta wa mai sayar da gidan da bai ƙare ba ya ajiye kuɗin masu saye a asusu na dabam, wanda ba za a taɓa ba sai don wannan ginin. A kuma rage yawon da ake yi kafin takarda ta fito. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa su ma suna da rawar takawa: yadda suke sanin wanda ba a ba shi kaya bashi a kasuwa, haka ya kamata su san mai ginin da ba ya cika alkawari, su gaya wa mambobinsu. Masu gini na kirki, kuma suna nan da yawa, su ne za su fara cin ribar wannan tsari.

Allah ya mallaka wa kowa muhallinsa cikin kwanciyar hankali.