Daga Yamai zuwa Damagaram da ƙananan yara

Tsakanin Yamai da Damagaram akwai tafiyar kusan kilomita 900. Motocin fasinja sukan tashi tun kafin asuba, su bi ta Doso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni, su ratsa Madawa da Maraɗi da Tasawa, kuma sau da yawa sai dare ya raba suke isa. Magidancin da ya taɓa yin wannan tafiya da goyo a cinyar matarsa da ɗan shekara huɗu a tasa cinyar ba ya bukatar a yi masa bayanin wahalarta. Kuka, amai, ƙishirwa, da yaron da fitsari ya matsa wa alhali direba ya ce ba zai tsaya ba sai Ƙonni. Shi ya sa iyaye da dama a birni suka yanke shawarar barin yara gida, su aika da kuɗi da gaisuwa ta waya. Wannan shawara tana da sauƙi, amma asararta ta fi ribarta yawa.

Yaron da aka haifa a Yamai yana jin Zabarmanci a titi, Faransanci a lakkwal, Hausa kuwa sai a tsakar gida, wajen mutum biyu ko uku. Hausar da za ta fito daga irin wannan gida takan tsaya a kan aike da faɗa: zo, tafi, kawo, bari. Sai ya je garin iyayensa ne zai gane cewa ɗan'uwan mahaifiya kawu ne, na mahaifi baffa, ƴar'uwar mahaifi kuma goggo, domin can ne kowace kalma take da fuska da murya. Can ne kakarsa za ta tarye shi da “maraba da maigidana”, ta yi masa ba'a cewa ya zo hannu rabbana, ko goro bai riƙo mata ba. Can ne zai ga taubashinsa ya tsokane shi ba a tsawata ba, ya kuma lura cewa kakarsa ba ta kiran sunan ɗanta na fari saboda kunya. Babu littafin nahawun da zai koyar da wannan, kuma kiran bidiyo na minti biyar ba ya kai mutum ga zaman tabarma bayan sallar isha'i, inda ake fara gatanan gatananku.

Kuskuren da ake yawan yi yana wajen zaɓen lokaci. An saba a ɗaura tafiyar a kan Sallar Layya, lokacin da tasha take cike maƙil, kujera ke wuyar samu, a kwana biyu ko uku a juyo. Yaro bai gama warware gajiya ba, bai ma daina ɓuya a bayan zanen uwarsa ba, sai a ce a ɗaure kaya. Babban hutun makaranta, daga Yuli zuwa ƙarshen Satumba, ya fi dacewa: mako uku ko huɗu sun isa harshe ya sake, yaro ya bi tsaransa gona ya ga gero yana fitar da kai.

Sai dai masu tsoron damina suna da hujja, kuma ba a raina ta. Wannan ne lokacin da zazzaɓin cizon sauro yake fi tsananta, ƙananan yara kuwa su ya fi kayarwa. A Nijar ana raba wa yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 maganin rigakafi sau ɗaya a wata a tsawon damina. Uwar da za ta yi tafiya ya kamata ta tabbata ɗanta bai tsallake zagayen ba, ta kuma sa gidan sauro a cikin kaya tun kafin tsarabar kaka. Ruwan sha mai tsabta shi ma a yi guzurinsa, kada a dogara da na bakin hanya.

Ita kanta hanyar ana iya rage mata kaifi. Wanda yake da dangi a Ƙonni ko Maraɗi ya yada zango ya kwana, ya ƙarasa washegari. Kujerar da aka saya wa ɗan shekara huɗu kuwa, ko da ta ci kuɗin shaddar sallar uban, ta fi a ɗora shi a cinya tun daga Yamai.