Idan Aljihu Ya Yi Ƙasa, Me Za A Fara Yankewa?

Mai karatu, ka taɓa ganin gidan da 'ya'ya suka juya wa maigida baya kan kuɗin cefane? To, halin da jam'iyyar Republican ta Amurka ta daɗe a ciki ke nan.

A 2013, masu ra'ayin riƙau, Sanata Ted Cruz na gaba, suka dage kada a ba shirin inshorar lafiya na Obamacare ko sisi. Ayyukan gwamnati suka tsaya kwana 16, ma'aikata kusan 800,000 suka zauna gida. Daga bisani shugabanni suka sassauta, shirin ya ci gaba, magoya baya suka ce an ci amanarsu. Kakakin Majalisar Wakilai John Boehner ya sauka a 2015. Kevin McCarthy kuwa tsige shi aka yi a 2023, bayan ya haɗa kai da 'yan Democrat don kada gwamnati ta rufe.

Fushinsu yana da dalili: an yi musu alkawarin rage bashi, ga shi sai hauhawa yake. Amma ka tuna da uwar da ɗanta ke fama da ciwon suga, inshorar nan ce madogararta. Kai a gidanka, da kuɗin magani kake fara tsimi?