Neman Giwan Ruwa Daga Ƙasar Kiyawa

Duk masuncin da ya tashi a ƙasar Kiyawa ya san cewa kogunan wannan yanki na damina ne. Da zarar kaka ta wuce sai ruwa ya janye, yashi ya bayyana, a bar 'yan gurabe nan da can inda ake kama tarwaɗa da karfasa, a kuma tono gaiwa cikin busasshen taɓo. Saboda haka wanda ke neman babban kifi, watau irin su giwan ruwa, tilas ya yi tattaki. Abin tambaya shi ne, ina zai dosa, kuma wa zai nuna masa?

Giwan ruwa kifi ne mai farautar 'yan'uwansa, ba ya kuwa zama sai inda ruwa ke da zurfi, ba ya ƙafewa da rani, kuma ƙananan kifaye suka wadata. Yana ɗaukar shekaru kafin ya ƙasaita. Alal misali, a bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934, kifin da ya ci gasar 2005 ya kai kilo 75. Irin wannan ba a gurbin da ke bushewa kowace bazara yake girma ba.

A da, Kogin Haɗeja da fadamunsa su ne amsar wannan tambaya. Amma tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, sannan ta Challawa a 1992, ambaliyar da kifi ke bi ya hau fadama ya yi ƙwai ta ragu ƙwarai, ciyawar kacala kuma ta toshe hanyoyin ruwa da dama a wajen Haɗeja da Nguru. Zurfin ya koma bayan madatsun. Ba a musun amfaninsu ga noman rani da ruwan sha. Sai dai masunci ne ya biya wani kashi na kuɗin. Kusa da gida akwai madatsar Warwaɗe ta wajen Dutse, amma ƙaramin ruwa ba ya jure taron kalli.

To, a nan ne laifin masunta kansu ya shigo. Hausawa na cewa, kifi na ganinka mai jar koma. Yau kuwa ko damar ganin ba a ba shi, domin raga mai ƙananan idanu, har da gidan sauro, tana kwashe shi tun yana ɗan yatsa. Wanda ya cinye iri ba shi da bakin kukan rashin girbi.

Lalle ne a mayar wa sarakunan ruwa ikonsu na hana su a wasu gurabe har zuwa lokacin da aka ɗiba, kamar yadda ake tsare Matan Fada a Argungu, hukuma kuma ta tsaya musu. Su ne suka san inda ruwa ke juyawa, da gindin dutsen da babban kifi ke fakewa, da sunan kowane gurbi da dalilin sunan. Wannan sani ba ya cikin taswira, a bakin dattawa yake, dattawan kuwa suna ƙarewa. Ɗaliban Sashen Hausa da suka fito daga Kiyawa da Dutse da Jahun, waɗanda kan rasa batun kundin kammala digiri, ga aiki nan a ƙofar gidansu.