Tsohon Da Ya Ke Zana Zaki Kowace Safiya

A cikin darussan da a ke shirya mu mu je mu koyar, babu wanda mu ke yi wa riƙon sakainar kashi kamar zane. Da an zo kansa sai ka ji ɗayanmu ya ce, "Ai ni ba a ba ni hannu ba," shi ke nan ya naɗe tabarmarsa. Baiwa akwai ta, ba mu musu. Amma a ganinmu malamin da ba ya zane don kansa kullum ba shi da abin da zai koya wa kowa, ko da an ba shi hannun. Hujjarmu kuwa wani tsoho ne na ƙasar Japan, sunansa Hokusai.

An haife shi cikin 1760 a birnin Edo, watau Tokyo ta yanzu, ya rasu cikin 1849. Tun yana ɗan shekara shida ya ke zane. Hoton nan nasa na babbar igiyar teku tana shirin rufe jirage, wanda ya fito wajen 1831, shi ne Japan ta buga a bayan takardar kuɗinta ta yen 1,000 cikin 2024. To, amma ba shahararsa ce ta kawo mu ba, safiyarsa mu ke so a duba.

Cikin 1839 gobara ta cinye gidansa da zane-zanen da ya daɗe yana tarawa. Wani da sai ya ce rabonsa ya ƙare. Shi kuwa cikin 1842 da 1843, ya haura shekara 80, sunansa ya riga ya cika ƙasa, sai ga shi kowace safiya yana ɗaukar takarda yana zana zaki guda, irin zakin nan na almarar mutanen Sin. Yau zakin na tsalle, gobe yana kwance, jibi mutum ne ya sa kan zaki yana rawa. Fiye da 200 sun tsira har yau. Shi dai ya ɗauki abin a kan tsari ne daga sharri. Wannan imaninsa ne, mun bar masa. Abin da ya shafe mu shi ne gwani bai ga ya fi ƙarfin darasin farko ba. Mu da muka yi karatun allo bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba. A rubuta, a wanke, gobe a sake. Allon ya koma fari, amma hannu ya riƙe abin da ya riƙe.

Daga irin wannan aiki na kullum koyarwarsa ta fito. Cikin 1812 ya sauka birnin Nagoya a gidan wani almajirinsa, masu sha'awar zane suka taru, ya yi ta zana musu ƙananan siffofi har fiye da 300. Aka tattara su aka buga cikin 1814, aka sa wa littafin suna Manga, sunan da a ke kiran littattafan labarin hoto na Japan da shi yanzu. Littafin ya kai juzu'i 15, na ƙarshe ya fito cikin 1878, bayan rasuwarsa, siffofin ciki wajen 4,000. Me ke ciki? 'Yan kokawa, da masu wanka, da masu ƙiba, da masu sana'a a bakin aikinsu, da kifi, da ciyawa, da gada, da rufin ɗaki. Da yawa daga ciki abin da ya ke gani a hanya ne. Ya kuma yi wani ɗan littafi cikin 1812 da ke nuna yadda za a tayar da siffar dabba daga da'ira da murabba'i, don wanda bai taɓa samun malami ba.

Cikin 1817 ya koma Nagoya, aka shimfiɗa takarda mai tsawon kusan ƙafa 60 a filin wani ɗakin ibada, ya zana fuskar Daruma, wani babban malamin addinin Buda, da alƙalami kamar tsintsiya, jama'a na kallo. Lalle akwai tallar littafi a ciki, tsohon ba ya ƙin ciniki. Duk da haka ya yarda a ga hannunsa yana aiki, tun tawada ba ta zama kome ba. Malamai nawa ne a cikinmu za su yarda da haka? Mun fi son mu kwana muna gyara taswira a ɓoye, da safe mu rataye, yara su yi mamaki, ba su koyi kome ba.

Za a ce littafi irin nasa 'yan kwaikwayo ya ke haifarwa. Akwai gaskiya a nan, gama almajiransa da yawa ba su wuce inuwarsa ba. Dalili ke nan mu ke cewa a ɗauki al'adarsa, a bar masa zakinsa. Za a kuma ce waɗansu iyaye ba su son siffar abu mai rai. Ba mu raina wannan magana. Amma tulu, da ganyen kuka, da keke, da soron masallaci sun ishi mutum aikin shekara. Hokusai ma ya yi littafi guda cikin 1823 na adon mataji da lofe, don masu sana'a.

Shawararmu ga 'yan'uwa ita ce kowa ya ɗinka 'yar takarda ya sa aljihu, ya ba ta rubu'in sa'a kowace rana, ya rubuta kwanan wata a ƙasa. In an tura mu garuruwa, mu buɗe aji da la'asar sau ɗaya a mako, magini da maɗinki da kafinta su shigo su zauna tare da yara, mu yi namu zanen da alli a gabansu. Muna roƙon malamanmu kuma, ran duba littattafan shirin darasi, su riƙa cewa a kawo 'yar takardar aljihun nan su gani.